Chandra, James Webb ko VLA: da wane madubi za a nemi baƙaƙen ramuka biyu a galaksin da ke haɗewa?

Kusan duk babban galaksi, wato tarin taurari biliyoyi, yana da ƙaton baƙin rami a cibiyarsa, mai nauyin rana miliyoyi, wani ma biliyoyi. Idan galaksi biyu suka yi karo suka fara narkewa cikin juna, ramukan nan sukan yi ta gangarowa tsakiya a hankali, cikin ɗaruruwan miliyoyin shekaru, iskar gas da ƙura kuma suna biye da su. In gas ɗin ya kai bakin rami, sai ya yi zafi ya haskaka, a ce ramin yana ci. Abin da masu bincike ke farauta shi ne lokacin da ramukan biyu ke cikin galaksi guda, ba su riga sun zama ɗaya ba. Ɗalibin da ya ɗauki wannan aiki yakan fara da tambayar wane madubin hangen nesa ne ya fi. Tambayar da ya kamata ta riga ta guda biyu ce: nawa ne ratar da ke tsakanin ramukan idan aka hango su daga nan, kuma ƙura nawa ta lulluɓe su. Kamar mota ce da daddare a cikin hazon hunturu: daga nesa fitilunta biyu sukan koma ɗaya ka ɗauka babur ne, in hazon ya yi kauri kuma ko ɗayar ba za ka gani ba. Kowane madubi yana maganin ɗaya daga cikin matsalolin nan fiye da ɗayar, kuma a nan zaɓin yake.

Lissafin da za a yi kafin a buɗe kowace taskar bayanan madubi

Ana auna rata a sama da sakan na kusurwa. Digiri ɗaya sakan 3,600 ne, faɗin cikakken wata kuwa wajen sakan 1,800. Ga galaksin da ke kusa da mu, ka raba nisansa a shekarun haske da 206,265, abin da ya fito shi ne yawan shekarun hasken da sakan ɗaya ya ƙunsa a can.

Ɗauki NGC 6240, mai nisan shekarun haske kimanin miliyan 400. Sakan ɗaya a can ya kai shekarun haske 1,900 da ɗoriya. Ramukansa biyu suna da ratar wajen 3,000, ke nan sakan ɗaya da rabi. UGC 4211 yana da nisan miliyan 500, ratar ramukansa 750 kacal, wato kashi uku cikin goma na sakan. Na 0402+379 kuwa ratarsu shekarun haske 24 ce a nisan miliyan 750, abin da ya ba da kashi bakwai cikin dubu na sakan. Galaksi uku ke nan, kuma madubin da ya raba na farko bai isa ya raba na biyu ba, balle na uku. Ga masu nisa ƙwarai, waɗanda haskensu ya yi tafiyar shekara biliyan takwas zuwa goma sha ɗaya, wannan rabawa ba ta aiki saboda faɗaɗar sararin samaniya; a can ka ɗauki sakan ɗaya a matsayin shekarun haske dubu 26 zuwa 28. A riƙa tuna kuma cewa ratar da ake gani ta fuskar sama ce kawai. Ɗaya na iya kasancewa can bayan ɗaya da nisa mai yawa.

Chandra da 'yan uwansa na hasken eksire

In ratar ta kai sakan ɗaya ko fiye, Chandra, madubin eksire da ke sararin samaniya, shi ne wurin farawa, kuma dalilin yana da ƙarfi. Taurari na yau da kullum ba sa fitar da eksire mai ƙarfi da yawa, rami mai ci kuwa yana fitarwa, sannan eksiren da ya haura keV 2 (keV ma'aunin ƙarfin eksire ne) yana ratsa ƙurar da ke toshe hasken ido gaba ɗaya. An harba Chandra a Yulin 1999, kuma har yau babu madubin eksire da ya kai shi kaifin gani, wajen rabin sakan. Da shi Stefanie Komossa da abokan aikinta na cibiyar Max Planck ta Jamus suka nuna, a aikin da suka wallafa a 2003, cewa cibiyoyin NGC 6240 duka biyun suna ci. Ganin tabo biyu bai zama hujjarsu ba shi kaɗai. Da aka baza hasken kowane tabo bisa ƙarfinsa, abin da ake kira bakan haske, sai ya nuna layin ƙarfe a keV 6.4, wanda ke fitowa idan eksiren rami ya daki gas mai sanyi da ke kewaye da shi. Wannan layi shi ne shaidar da ake nema, musamman inda gas ya yi kaurin da hasken ramin kansa ba ya fitowa kai tsaye.

Amma Chandra yana da wuraren tuntuɓe da sabon shiga bai cika sani ba. Kaifin rabin sakan ɗin a tsakiyar hoto kawai yake. Galaksin da ya faɗo a gefe, minti goma na kusurwa (sakan 600) daga tsakiya, tabonsa yakan kumbura ninki goma ko fiye, har ya ɗauki wata siffa mai kama da abu biyu. Yawancin galaksin da za ka tarar a taska ba don su aka nufi madubin ba, don haka ka fara duba nisansu daga tsakiyar hoto kafin ka yi murna. Na biyu, kyamarar Chandra mai suna ACIS tana karanta hoto duk sakan 3.2 na agogo. Idan tushen yana da haske sosai, ƙwayoyin haske biyu sukan faɗa gurbi ɗaya kafin a karanta, a lissafa su a matsayin guda mai ninkin ƙarfi. Sakamakon shi ne bakan haske na ƙarya, wani lokaci ma tsakiyar tabon ta yi rami ya zama zobe. Maganinsa a nemi a karanta ɗan yankin kyamarar kawai, wanda ke rage lokacin zuwa kusan kashi huɗu cikin goma na sakan. Na uku, datti ya yi ta taruwa a kan tacin kyamarar tsawon shekaru, ya rage mata ganin eksire mai laushi, ƙasa da keV 1, sosai. Hoton 2001 da na 2022 ba a kwatanta su kai tsaye sai an bi ta gyaran da manhajar CIAO ke yi.

Matsalar da ta fi cin mutane ita ce ƙarancin ƙwayoyin haske. Sau da yawa rami na biyu ƙwaya goma ko ashirin yake bayarwa a cikin awanni na kallo. Da wannan ba a gina bakan haske, kuma galaksin da ke haɗewa cike yake da sababbin taurari, cikinsu har da tagwayen da ɗaya ke zuƙar ɗaya yana fitar da eksire. Mafi hasken irinsu kan kai erg 10^40 zuwa 10^41 a sakan na agogo (erg ma'aunin makamashi ne). Tabon da ya haura 10^42 tsakanin keV 2 da 10, bayan an gyara abin da gas ya shanye, za a iya kiransa rami mai ci da kwanciyar hankali. Wanda ke ƙasa da haka yana buƙatar shaida daga wani madubi.

XMM-Newton na Turai ya fi Chandra tara haske, amma kaifinsa wajen sakan shida ne, sai ga galaksin da ba su gama matsowa ba. NuSTAR, da aka harba a 2012, yana ganin keV 3 zuwa 79, inda ko ramin da gas ya binne ƙwarai yake leƙowa. Hakan ba ƙaramin abu ba ne, domin bincike ya nuna fiye da rabin ramuka masu ci a matakin ƙarshe na haɗewa a binne suke haka. Sai dai kaifinsa sakan 18 ne. Zai gaya maka akwai mai ci a cikin gidan, ba zai ce maka su nawa ba ne. A Arp 299, inda cibiyoyin ke da tazara, ya taimaka wajen nuna cewa ta yamma ce ke fitar da eksire mai ƙarfin. A NGC 6240 kuwa tabo guda yake gani.

Hasken infared: Keck, VLT da James Webb

Da ratar ta sauka ƙasa da rabin sakan, Chandra ya gaza, sai a koma infared, hasken da ya fi ja tsawon igiya, wanda ido ba ya gani. A tsawon igiya na maikiron 2.2 (maikiron kashi ɗaya cikin dubu ne na milimita), ƙura tana shanye kusan kashi ɗaya cikin goma ne na abin da take shanyewa a hasken ido, idan aka auna da ma'aunin dusashewar taurari. Keck da ke Hawai, mai madubi mita 10, idan aka kunna na'urar da ke gyara rawar iska, yana raba abubuwan da ke da ratar kashi biyar ko shida cikin ɗari na sakan. Na'urar tana harba leza sama ta ƙirƙiri tauraro na wucin gadi, amma duk da haka tana buƙatar tauraro na gaske mai ɗan haske a kusa, ko cibiyar galaksin kanta in ta isa. Galaksin da ba shi da wannan, gyaran yakan fito rabi da rabi, tabo ya yi jela, jelar kuma a ɗauke ta cibiya ta biyu. A 2018 Michael Koss da tawagarsa sun yi amfani da Keck suka tono cibiyoyi biyu-biyu a galaksin da hotunan hasken ido suka nuna kamar cibiya ɗaya gare su.

Ga inda ake yawan zamewa: hoton infared taurari yake nunawa. Cibiya biyu a hoto na nufin dunƙulen taurari biyu, bai ce ramuka biyu suna ci ba. Dole a bi da bakan haske na kowace cibiya daban, a nemi layin haidirojin mai faɗi, wanda faɗinsa ke nuna gas na gudun dubban kilomita a sakan, ko layin da taurari ba su da ƙarfin kunna shi. Mafi aminci a cikinsu shi ne na iskar niyon da aka cire wa ƙwayoyin lantarki huɗu, a maikiron 14.3, domin yin hakan na buƙatar ƙarfin eV 97 (eV dubu ne keV ɗaya). Wannan layi daga ƙasa ba ya ganuwa da kyau, aikin James Webb ne.

James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 da madubi mita 6.5, ba shi da matsalar iska ko neman tauraron gyara. Na'urarsa ta NIRSpec tana ɗaukar fili mai sakan uku a tsaye uku a kwance, ta ba da bakan haske a kowane gurbi mai kashi ɗaya cikin goma na sakan, ke nan hoto da bakan haske a zama ɗaya. Da ita Hannah Übler da abokan aikinta suka ba da rahoton ZS7 a 2024, tsarin da muke gani yadda yake shekara miliyan 740 bayan farkon sararin samaniya, da rami mai nauyin rana miliyan 50 a gefen cibiyar da ake kyautata zaton tana da nata ramin. Ga galaksi masu irin wannan nisa babu abokin takara. Sai dai a lura kaifin gani yana raguwa yayin da tsawon haske ke ƙaruwa: a maikiron 2 wajen kashi bakwai cikin ɗari na sakan ne, a maikiron 14 kuwa ya kusa rabin sakan. Wato layin niyon ɗin nan mai aminci ba zai raba ramukan UGC 4211 ba. Cibiya mai haske sosai kuma takan cika gurbin kyamara ta malala, ƙahonnin haske shida da madubin ke yi wa kowane tabo su rufe maƙwabci mai rauni. Samun lokaci a kansa ma gasa ce mai zafi, buƙatun da ake aikawa sun ninka lokacin da ake da shi sau da dama.

Akwai kuma wani abin da irin waɗannan madubai ke iyawa, wato kama ramin da ba ya cin komai. A NGC 7727, mai nisan miliyan 89, Karina Voggel da tawagarta sun auna gudun taurarin da ke kewaya kowace cibiya da na'urar MUSE ta madubin VLT a Chile, suka fitar a 2021 cewa ɗaya na da nauyin rana miliyan 154, ɗayan miliyan 6.3, da ratar shekarun haske 1,600. Hanyar tana aiki ne kawai in madubi ya iya raba ɗan yankin da jan ramin ya rinjayi na taurari, don haka ta tsaya ga maƙwabtanmu na kusa.

Rediyo

Ƙura ba ta tare igiyar rediyo ko kaɗan, kuma a nan ake samun kaifin da ya fi kowane. VLA da ke Niyu Meksiko a Amurka faranti 27 ne, kowanne mita 25, ana matsar da su a kan dogo duk bayan 'yan watanni. A shimfiɗa mafi faɗi, mai suna A, tazarar ta kai kilomita 36, kaifin gani a gigahaz 6 kuma wajen kashi uku cikin goma na sakan. A shimfiɗar D, in an tattaro su wuri ɗaya, kaifin ya ragu fiye da sau talatin. Duk wanda ya sauko da bayanan VLA bai duba shimfiɗar da aka yi amfani da ita ba, ya ɓata aikinsa. VLBA kuwa faranti 10 ne daga Hawai zuwa tsibirin Sen Kurwa, tazarar kilomita 8,600, yana raba kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Da shi aka gano tagwayen 0402+379 a 2006, aka ci gaba da bibiyarsu har a 2017 aka ba da rahoton motsin ɗaya game da ɗaya, da kiyasin zagaye guda a shekara kusan dubu 30.

Me ya sa ba za a ce kowa ya tafi rediyo ba? Saboda kusan ɗaya cikin goma na ramuka masu ci ne ke da ƙarfin rediyo, kuma ana buƙatar biyun duka su kasance haka a lokaci guda. Sarah Burke-Spolaor ta tace tushen rediyo 3,114 daga taskar irin wannan kallo a 2011, tagwaye guda ta samu, su ne dai 0402+379 da aka riga aka sani. Sannan tabo biyu a rediyo ya fi yawan zama rami ɗaya da feshinsa: ramin yana tofar da gas ta ɓangare biyu, inda feshin ya daki wani abu sai ya yi tabo mai haske. Hanyar bambancewa ita ce a kalla a mitar igiyar rediyo iri biyu ko uku, misali gigahaz 5 da 15. Cibiyar rami haskenta ba ya canzawa sosai daga mita zuwa mita, tabon feshi kuwa yana dusashewa da sauri in mita ta hau. A auna kuma zafin haske: yankin haihuwar taurari ba ya wuce digiri dubu ɗari a ma'aunin Kelbin, abin da ya kai miliyoyi yana nuna rami, ko da yake sabuwar fashewar tauraro ma takan kai haka na ɗan lokaci. NGC 7674 darasi ne: a 2017 aka sanar da tagwaye masu ratar kusan shekarar haske ɗaya a cikinsa, kallo mai zurfi da aka wallafa a 2022 bai sake ganin tabo na biyun ba.

ALMA, mai faranti 66 a tsaunin Chile mai tsayin mita 5,000, ya shiga tsakani da kyau. A wajen gigahaz 230 yana kai kashi biyu ko uku cikin ɗari na sakan, kuma an lura cewa ramuka masu ci, har waɗanda ba su da ƙarfin rediyo, suna fitar da ɗan haske dunƙulalle a wannan mita wanda ke tafiya daidai da eksirensu. Shi ya tabbatar da tagwayen UGC 4211 a 2023, tare da Keck da VLT da Hubble. A zama guda kuma yana zana taswirar gas mai sanyi da ke ciyar da ramukan. A ganina, ga rata tsakanin kashi biyar cikin ɗari da rabin sakan a galaksi mai ƙura, ALMA ya fi VLA dacewa a matsayin mai tabbatarwa.

Hanyar da ta fi sauƙi, ta fi yaudara

Taskar SDSS, babban aikin taswirar sama, tana da bakan hasken miliyoyin galaksi kyauta, don haka mutane da yawa sukan fara da neman waɗanda layin iskar oksijin nasu, a angistirom 5007, ya rabu gida biyu, da zaton ramuka biyu ne ke tafiya da gudu daban-daban. Zaren gilashin da ke kai hasken ga na'urar SDSS yana da faɗin sakan uku, duk abin da ke ciki a cakuɗe yake. Da aka bi irin waɗannan galaksi da madubai masu kaifi, mafi yawansu sun zama rami ɗaya mai hura gas gaba da baya, ko faifan gas mai juyawa. Hanyar tara sunaye ce, ba hujja ba. Haka launin WISE, madubin infared da ya ɗauki hoton sama gaba ɗaya: bambancin haske tsakanin tacinsa biyu, W1 da W2, da ya haura 0.8 alama ce mai kyau ta rami mai ci a cikin ƙura, amma da kaifin sakan shida ba ya ƙirga ramuka. A nesa kuma akwai wani tarkon: galaksin da ke gaba yakan lanƙwasa hasken kwasa guda, wato rami mai ci mai tsananin haske, ya mai da shi biyu. In bakan hasken tabon biyu ya yi kama sak, a nemi galaksi mai rauni a tsakaninsu kafin a ce komai. Sai da aka haɗa Gaia (madubin auna matsayin taurari), Hubble, Keck, VLA da Chandra kafin aka amince da tagwayen J0749+2255 a 2023, masu ratar ƙasa da rabin sakan.

In ratar ta yi ƙasa da shekarar haske ɗaya, hoto ya ƙare. Abin da ya rage shi ne neman hasken da ke hawa da sauka a kan lokaci, kamar PG 1302-102 mai zagayen shekara biyar da 'yan watanni, wanda har yanzu ake gardama a kansa domin rami guda ma haskensa yakan yi yawo ya yi kama da zagaye. Ko girgizar sarari, wadda tagwayen ramuka ke haddasawa, da ƙungiyar NANOGrav ta ba da shaidarta a Yunin 2023. Ko jiran LISA, na'urar auna irin wannan girgiza da za a harba sama, a wajen 2035. Wannan ba aikin digiri na biyu mai wa'adin shekara biyu ba ne.

To wanne za a ɗauka? Mai aiki daga Zariya ko Yamai, wanda ba shi da lokacin madubi sai taska, ya fara da Chandra a kan galaksi na kusa masu ratar sakan ɗaya zuwa sama, ya haɗa da hoton infared na Hubble ko James Webb daga taskar MAST. Dalili har da na aljihu: kallo guda na Chandra yawanci 'yan ɗaruruwan megabait ne, CIAO kuma tana tafiya a kwamfutar cinya, yayin da ɗanyen bayanan VLA ko ALMA kan kai gigabait gommai zuwa ɗaruruwa. Taskar ALMA tana ba da hotunan da aka riga aka sarrafa, su za a fara saukowa. Yawancin bayanan nan sukan buɗe wa kowa bayan shekara ɗaya da ɗaukarsu. Mai son rata ƙasa da rabin sakan ya nemi cibiyoyin da Keck ko James Webb, ya tabbatar da ALMA. VLBA a ajiye shi sai an riga an san cibiyar tana da ƙarfin rediyo, a kuma tabbata akwai tushen daidaitawa, wato tushen rediyo mai haske da aka san matsayinsa, a cikin digiri biyu ko uku daga gare ta, in ba haka ba hoton ba zai haɗu ba.

Kowace haɗaka aka zaɓa, a daidaita matsayin hotunan kafin a ɗora ɗaya kan ɗaya. Matsayin da Chandra ke bayarwa yakan kauce da rabin sakan ko fiye, tsofaffin hotunan Hubble ma haka, kuma wannan kaucewa kaɗai ta isa ta sa tabon eksire ya faɗa gefen cibiya a ɗauka rami na biyu ne. A nemo aƙalla tushe uku da suka bayyana a hotunan biyu, a ɗaure su da matsayin da ke kundin Gaia, a lissafa kuskuren da ya rage. In ratar da ake iƙirari ba ta ninka wannan kuskure sau uku ba, ba a rubuta ta a matsayin ganowa.